Kafin ka turo kuɗin babban inji, ga abin da tsohuwar mota ke iya ɗauka

Makon da ya wuce wani mai sauraronmu, ɗan ƙasar Droum da ke bida a Libiya, ya turo mana saƙon murya ta WhatsApp. Ƙanensa ne ke jan tsohuwar Peugeot 504 bashe ta gidansu, yana bin kasuwanni da ita, ran Alhamis Damagaram, ran Lahadi Mirya, sauran kwanaki duk inda lodi ya samu. Yanzu injin ya gaji. Yana shan baƙin mai kamar ruwa, yana hayaƙi, in an shiga rairayi sai fasinja sun sauka sun tura. Makanike ya ba da shawara a cire shi a sa babban inji na gazuwal, irin na Toyota. Tambayar bawan Allahn nan gajera ce: in turo kuɗin, ko kar in turo?

Ba shi kaɗai ba ne. Da yawa daga motocin da ke ɗaukar mu zuwa kasuwa, ko su kai mai naƙuda asibiti cikin dare, da gumin ƴan'uwa na waje ake riƙe da su. Wanda ke biya yana Sabha ko Legas ko Abijan, bai ga motar ba, hoto kawai yake gani. Shi ya sa muka ce bari mu baje maganar a nan, kowa ya karanta a natse.

Amsarmu tun farko ita ce: ana yi, kuma yana yin kyau in an yi shi cikakke. Amma kuɗin inji rabin magana ne. Wanda ya turo kuɗin inji kawai, ya sayi wa ƙanensa wahala, wataƙila ma haɗari.

Wannan dabara ta ɗora wa mota injin da ya fi nata ba mu muka fara ta ba. A Amurka, a 1964, kamfanin Pontiac ya ɗauki injin V8 mai lita 6.4 na manyan motocinsa ya cusa shi cikin matsakaiciyar mota, ya sa mata suna GTO. Matasa suka yi caa a kanta, sauran kamfanoni suka bi sahu, har Chevrolet ya fito da Chevelle mai lita 7.4 a 1970. Su gudu suke nema da ƙara. Kuma tun a lokacin an yi ta kuka da birkin GTO ta farko, don an ba ta ƙarfin doki amma an bar ta da ƙananan birkin ganga. Tsadar inshora, dokokin hayaƙi da rikicin man fetur na 1973 suka karya kasuwar waɗannan motoci. Har gobe masu sha'awa a can suna sayen tsofaffin, suna canza musu inji, sai dai wasan masu hali ne. Waɗanda suka fi kama da mu su ne mutanen Kyuba. Takunkumin Amurka ya hana su kayan gyara tun farkon shekarun 1960, sai suka riƙa sa wa motocin Amurka na shekarun 1950 injinan gazuwal na wasu ƙasashe, suna haya da su a birnin Habana. Abinci suke nema, kamar mu.

Tamu 504 ɗin, Fijo a bakin ƴan'uwanmu na Najeriya, ta fito a Faransa a 1968. Kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ya yi ta haɗa ta har tsakiyar shekarun 2000, shi ya sa kayanta ba su yanke ba a Kano, kuma kusan kowane tsohon makanike na Damagaram da ita ya koyi aiki. Injinta na esans da aka fi sani mai silinda huɗu ne, lita biyu ba kaɗan. Peugeot da kansa ya yi mata na gazuwal, irin da ake kira Indenor, mai lita 2.3, akwai kuma mai lita 2.5 da ya zo cikin 505. A gefen Toyota, waɗanda ake cirowa daga Hilux da Hiace su ne 2L mai lita 2.4, da 3L mai lita 2.8, da 5L mai lita 3. Ku riƙe waɗannan sunaye, don in makanike ya ce muku “babban inji” kawai, ku tambaye shi wanne daga ciki.

Akwai abin da ke ruɗa mutane a nan. Girman inji ba shi ne gudu ba. Indenor mai lita 2.3 ya fi na esans ɗin girma, amma dokinsa wajen 70 ne, alhali na esans mai lita biyu ya haura 90. Abin da gazuwal ya fi shi ne ja: yana ba da ƙarfinsa tun yana juyi a hankali, ba sai an taka totur ya yi kururuwa ba. Wannan shi ne abin da direban karkara ke so a cikin rairayi da laka. Saboda haka in ƙanenka ya ce motar za ta fi ja, gaskiya ya faɗa. In ya ce za ta fi gudu a kwalta, ba lalle ba ne, tana iya ma raguwa, don gazuwal ba ya juyi da sauri kamar esans, kuma haƙoran aksul na baya an yanke su ne daidai da tsohon injin.

To, me ke faruwa in an ɗaga sabon inji an sauke shi cikin motar da ba tasa ba?

Na farko dai ba ya zama. Ƙafafun da ke riƙe shi ba su zo daidai da na shasi ba, sai an kira mai walda ya yi sababbi. Injin esans na 504 a karkace yake kwance, na Toyota a tsaye yake, sai ka ga murfin gaba ya ƙi rufuwa, ko tukunyar baƙin mai ta ƙasa tana dukan ƙarfen da ya ratsa shasi. Wasu su yanke tukunyar su sake walda. In ta sauko ƙasa fiye da da, to a hanyoyinmu masu kututture da tudun yashi a tsakiya, dutse ɗaya ya isa ya huda ta, baƙin mai ya tsiyaye direba bai sani ba, inji ya ƙone a daji.

Sai haɗa shi da akwatin giya, abin da makanikanmu ke kira bwat. Hanya biyu ce. Ko a bar bwat ɗin Peugeot a yanko farantin ƙarfe da zai haɗa su, ko a sayo injin tare da bwat ɗinsa. Ta farko ta fi araha, kuma ita ce ta fi cin kuɗi daga baya. In farantin ya kauce daga tsakiya ko da kaurin farce ne, kuloci zai riƙa cinyewa, bwat ya riƙa kuka, kowane wata uku ana garaji ana zargin direba da mugun tuƙi. In an sayo su tare, wannan matsala ta kau, amma tsawon ya canza, dole a yanke farfela, sandar nan da ke kai juyi zuwa ƙafafun baya, a sake haɗa ta. Wannan aikin mai injin gyaran ƙarfe ne, ba na waldar bakin hanya ba. Farfelar da ba ta miƙe ba tana sa mota rawa, in kuma ta tsinke ana cikin tafiya, ta caki ƙasa, Allah ya kiyaye.

Mu a ganinmu, in dai gazuwal ake so a 504, injin Peugeot ɗin kansa ya fi sauƙin zama, don an yi motar da wurinsa tun daga kamfani, ƙafafunsa da bwat ɗinsa duk akwai su a kasuwa. Matsalarsa ita ce tsufa: mai lafiya ya yi wuyar samu. Na Toyota ya fi samuwa, kayansa sun fi yawa, amma ya fi neman aiki. Shi kuwa 1HZ na Land Cruiser, mai silinda shida da lita 4.2, wanda kowa ke yabo a hanyar Agadas, ku cire shi daga lissafi. Ya yi wa 504 tsawo, ya yi mata nauyi.

Nauyin nan ma abin dubawa ne ko a kan masu silinda huɗu. Injin gazuwal yana matse iska fiye da ninki biyu na yadda na esans ke yi, don haka an gina shi da kauri, ya fi nauyi. Nauyin duk a kan ƙafafun gaba yake sauka. Sifirin na gaba ya kwanta, sitiyari ya yi tauri, tayoyi su riƙa cinyewa ta gefe guda. Batir ma sai an sa babba, don tayar da gazuwal da sanyin safiya na watan Janairu ba wasa ba ne. Tankin mai sai an wanke shi, a ja masa bututun da ke mayar da ragowar gazuwal, a sa matata mai raba ruwa da mai. Wanda ke sayen mai a kwalba ko jarka a bakin hanya, wannan matata ita ce ke tsare masa famfon gazuwal, kuma famfon nan gyaransa ba na kowane garaji ba ne.

Ruwa kuma fa? Babban inji, babban zafi. Lagireton da ke sanyaya lita biyu ba zai ishi lita 2.8 ba a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, mota na tafe a giya ta biyu cikin yashi, iska ba ta shiga ta gaba. Nan ne za ka ga yaron mota da jarka yana ɗura ruwa kowane ƙauye. Injin gazuwal ba ya yafe tafasa. Sau ɗaya ko biyu, gaskit ya ƙone ko kan injin ya tsage, kuɗin Libiya sun tafi. Lagireto babba, fanka mai kyau, da agogon zafi mai aiki a gaban direba, duka ukun suna cikin kuɗin canjin inji, ba ƙari ba ne.

Yanzu mu zo kan abin da ya sa muka rubuta wannan bayani, wato birki.

Mutane da yawa ba su san inji na da hannu a birki ba. A bayan fedar birki akwai wata baƙar tukunya mai kamar ƙwarya biyu a kife. Ita ce ke ninka ƙarfin ƙafar direba. Tana aiki ne da zuƙar iska, kuma injin esans yana samar da wannan zuƙa da kansa, bututu ɗaya kawai ake ja daga wajen kafireta. Injin gazuwal irin waɗannan ba ya yin haka. Shi sai an ba shi wani ɗan famfo na musamman. A Toyota 2L da 3L famfon yana manne ne a bayan altaneta, abin nan da ke cajin batir. A Indenor kuwa bel ne ke juya shi a gefe. To ga inda ake faɗawa rami: a sayo inji a kasuwa an riga an cire masa altanetarsa ta asali, makanike ya ɗaura ta esans da ke hannu, wuta ta kawo, batir na caji, kowa ya yi murna. Amma birki ya koma dutse. Motar tana tsayawa in babu kaya, direba ya ce ai zai saba. Ranar da ta ɗauko buhu goma sha biyar da mutane a sama, jaki ya ratso hanya, ranar ce za a san ba a saba ba.

Gwajin wannan ba ya buƙatar makanike, ko tsohuwar gida za ta iya sa a yi shi a gabanta. A kashe mota, a taka birki sau biyar ko shida har ya yi tauri. A bar ƙafa a kai, a tayar da inji. In tukunyar na aiki, fedar za ta ɗan nutse ƙasa da kanta. In ba ta motsa ba, kar motar nan ta ɗauki ɗan kowa. Ɗan'uwa na waje, ka ce a ɗauko maka bidiyon wannan gwaji, ya fi maka hoton inji mai sheƙi amfani.

Ko da famfon na nan, akwai sauran magana, kuma wannan ba ta ƙarfe ba ce, ta halinmu ce. An yi 504 bashe don ta ɗauki tan guda da ƴan kai, wato buhun hatsi goma zuwa sha biyu in babu fasinja. A da, tsohon injin ne ke tsawata mana: in lodi ya yi yawa sai ya ƙi tashi, dole a rage. Babban inji ba ya ƙi. Yana jan duk abin da aka ɗora, sai mai mota ya ƙara ganyen sifirin biyu a baya, ya ce ta zama kamiyo. Amma birki na nan yadda yake, aksul na nan yadda yake, tayoyi kuwa na hannu ne da suka gama rayuwarsu a Turai. Nauyin da birki zai tsayar yana ƙaruwa da kowane buhu, gudu kuma ya fi haka muni: motar da ke tafiya kilomita 80 a awa tana buƙatar kusan ninki biyu na filin tsayawar mai tafiya 60. Wannan lissafi ne, ba ya sauraron roƙo. Kuma waɗanda ke zaune a saman buhunan nan, ƙafafu na reto, iyayenmu ne mata masu kai kuka da kuɓewa kasuwa.

Batun riba ma a yi shi da alƙalami. Da can dalilin komawa gazuwal a fili yake. Yanzu sai an duba. Da gwamnati ta rage farashi a watan Yulin 2024, litar esans ta koma sefa 499, dala ɗari ba tamma guda, gazuwal kuwa 618. Ke nan a gidan mai gazuwal ya fi tsada, duk da matatar SORAZ tana nan cikin jaharmu tun 2011. Gaskiya ne injin gazuwal ya fi tsimin mai a kowace tafiya, kuma esans ɗin Najeriya mai arha da aka saba saye a kwalba ya yi tsada tun da aka cire tallafi a can a watan Mayun 2023. Mun kuma ga layin esans na watan Maris 2025. Duk da haka, motar da ke fita sau biyu a mako za ta daɗe ba ta mayar da kuɗin canjin ba. Mai fita kullum, shi ne lissafin ke iya yi wa daɗi.

Shi ya sa muke cewa a tambayi makanike wata tambaya kafin komai: shin tsohon injin ya mutu ne, ko gajiya ya yi? Injin esans na 504 yana da wata baiwa. Silindojinsa riguna ne da ake zarewa, makanikai na kiran su shamis. Ana sayen shamis da fistan da zobba saiti guda, a zare tsofaffi a sa sababbi, a gyara kan inji, ya dawo kusan sabo ba tare da an taɓa shasi, ko farfela, ko birki, ko takarda ba. In gangar jikin injin ba ta tsage ba, wannan hanya ta cancanci a auna ta. Ba ma zargin kowa, amma kowa ya san canjin inji ya fi gyara kawo wa garaji kuɗi, kuma tsohon injin da aka cire sau da yawa a garajin yake kwana. Naku ne, ku karɓe shi ko a sa shi cikin ciniki.

In an tsaya a kan saye, injinan nan duk na hannu ne, ƴan Kwatano ko ƴan Beljiyam kamar yadda ake ce musu, ko da ta wace tashar ruwa suka shigo. Wasu a Damagaram ake samun su, wasu sai an je Ƙofar Ruwa a Kano. Wanke inji da fenti ba shaida ba ne. A tayar da shi da sanyinsa, ba wanda aka riga aka ɗumama kafin ku iso ba. Hayaƙi shuɗi, yana cin baƙin mai. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan ya yi zafi, ko ruwa na shiga ko nozul sun lalace. A buɗe murfin baƙin mai yana aiki: in yana huci kamar tukunyar dambu, zobba sun tafi. In man ya yi kalar madara, ruwa ya gauraya da shi. A tabbata ya zo da famfon gazuwal ɗinsa, da abin tayarwa, da altaneta mai famfon birki. Su 2L da 3L da 5L duk bel ne ke haɗa sama da ƙasan injin, kuma babu wanda ya san shekarun wanda ke ciki. A canza shi tun injin na ƙasa, don in ya tsinke a hanya, fistan da bawul ne za su gwabza. A yi yarjejeniya a gaban shaidu kan kwana nawa za a iya mayar da shi in ya nuna aibi, a kuma karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin da sunan mai shago. Injin sata yana yawo, kuma wanda aka kama shi a motarsa shi ne zai yi bayani.

Takardu ne abin da kowa ke mantawa. Kart griz tana faɗin irin man da mota ke sha da ƙarfinta, kuma da waɗannan ne kamfanin inshora ke yanke kuɗin asirans. Motar da takarda ta ce esans, jandarma ya buɗe gaba ya ga gazuwal, ta ba da ƙofar magana a kowane shinge. Wannan ma ƙarami ne. Babba shi ne ranar haɗari, lokacin da kamfanin inshora zai iya cewa motar da ya ɗauki nauyi ba ita ce wannan ba, a bar gida da jinyar mutane da diyya. A je ofishin sufuri na jaha a Damagaram a tambayi yadda ake gyara takardar, a kai ta bizit teknik bayan an gama aikin.

Ga abin da muka mayar wa mai sauraronmu na Libiya. Kar ya turo kuɗin a dunƙule. Ya sa a rubuto masa lissafi biyu, na gyaran tsohon inji da na canji, kuma na canjin ya ƙunshi bwat, farfela, lagireto, batir, sifirin na gaba, birki ƙafa huɗu da takardu, kowanne da kuɗinsa. Ya nemi wani dattijon direba da ba shi da ko dala a cikin cinikin ya raka ƙanen nasa wurin saye. Ya riƙe kason ƙarshe na ladan makanike sai motar ta yi kasuwa biyu ko uku da lodi, agogon zafi bai hau ba, ƙasanta a bushe. Ya kuma yi magana da ƙanen nasa, magana ta wa da ƙane, a kan buhu nawa za a riƙa ɗorawa, tun kafin injin ya iso.

Makanikai da direbobi na Droum da kewaye, mun san akwai waɗanda suka yi wannan aiki da hannunsu, wasu ya yi kyau, wasu ya ba su kashi. Ku turo mana saƙon murya ku faɗi wane inji kuka sa, a wace mota, da abin da ya fara lalacewa. Za mu sa su a iska, mu kuma ƙara a wannan shafi don na waje su gani.